Wurin Magarya Bakwai

Jiya ina ɗaure igiya a bayan mota na ji ɗayanku, ku masu koyon aikin nan, yana cewa wai wannan ba sana'a ba ce. Wai ka buɗe waya, ka duba taswira, ka ga inda ya yi kore, ka tura wa mutum alama, shi ke nan ka samo masa wurin kashta. To, sannu da ƙoƙari. Ni Harisu na haura shekara talatin ina nema wa mutanen Makka inda za su kafa tanti a daji lokacin sanyi, su kwana ɗaya ko biyu su sha iska, abin da Larabawa ke kira kashta ke nan, kuma har yau in zan buga turken farko sai gabana ya ɗan faɗi. Kafa tanti ba komai ba ne, cikin mako guda kowane sakarai zai iya. Abin da ake kiranmu dominsa ɗaya ne: mutum ya ɗauko uwarsa da matarsa da 'ya'yansa ya zaunar da su inda ka nuna masa, kuma ya koma gida da su ba wanda ya ragu. Ku gyara zama, shayin nan ba gudu zai yi ba.

A Tandabawi, wata unguwa a nan Makka, aka haife ni. Mahaifina mutumin Katsina ne, ya zo aikin hajji bai koma ba. Da aikin tantunan Arfa na fara, kamar yawancin tsararrakina: mu kafa kafin mahajjata su iso, mu kwance bayan sun tashi, a jibge komai a sito, mu koma zaman jiran wata shekara. A can na haɗu da Baba Illo, wani dogon tsoho mutumin Tawa ta Nijar. Kiwon raƙuma ya tashi da shi a gida, ya zo nan ma ya yi wa wani Balarabe kiwo shekaru har ƙafarsa ta fara gajiya. Shi ya lura cewa da sanyi ya shigo, ƙasa ta ɗan yi tsanwa, mutanen gari suna son fita amma ba su san inda za su dosa ba. Sai ya riƙa hayar tantuna daga sito, ni kuma ina tuƙa masa wanet, wato a-kori-kura, don shi bai iya mota ba, bai kuma yarda da ita ba. Lokacin ina da aure har da 'ya ɗaya, amma a bakinsa "kai yaro" nake.

Ranar farko ya sa na tsaya a bakin wani wadi gabas da gari, ta hanyar Ɗa'if. Wadi busasshen kogi ne, sai a yi shekara biyu ko uku ba a ga ɗigon ruwa a cikinsa ba. Ya ce in sauka in zaɓi wuri. Cikin minti biyar na zaɓa: yashi fari tas, mai laushi kamar gari, ga inuwar itatuwan samur, irin farar ƙayarmu, ga dutse ya tare iska. Na dawo ina washe baki.

"Je ka kwanta," in ji shi.

"In kwanta kamar yaya, Baba?"

"Kamar yadda mutane za su kwanta. Rigingine."

Na je na kwanta da farar rigata, raina bai so ba. Ya zo ya tsaya a kaina da sandarsa.

"Mi ka gani bisa?"

"Reshe."

"Wannan ko makaho ya sani. Mi ke ga reshen?"

Na ƙura ido. Busasshiyar ciyawa ce cunkushe a tsakanin ƙayoyi, da ƙirare, da wani ƙashin akuya, duk sun karkata gefe ɗaya, kuma sun fi tsayin mutum. Ya tambaye ni ko ina tsammanin akuyar hawa ta yi ta mutu a can. Sannan ya ce sel ne ya ɗora su. Sel shi ne ambaliyar wadi. Ba a kanka ake ruwan ba. Can kan duwatsun Ɗa'if ake tafka shi, kai kana nan ƙasa rana na dukanka, sai ya tattaro daga kwazazzabai ya gangaro gaba ɗaya, da duwatsu da kututture a gabansa. Yashin nan mai laushi da ya burge ni, ruwa ne ya tankaɗe shi ya shimfiɗa. Itatuwan ma don ruwa na bi ta nan suka yi girma. Duk abin da ke sa wuri ya yi kyau a ƙasar nan ruwa ne ya yi shi, kuma ruwan bai manta hanya ba.

Baba Illo bai taɓa yarda da alama ɗaya ba. In ya duba rassa, sai ya duƙa ya nemi gidan tururuwa da ramin ɓera, don su ba sa gini inda ruwa ke shafewa. Ya nemi tsohon kashin awaki wanda ya yi shekaru yana taruwa. In ya ga tumfafiya ta yi layi, sai ya ce nan ruwa ke kwanciya. Bayan duk wannan sai mu kama tafiya a ƙafa, mu bi wadin sama wajen duwatsu, tafiyar awa guda ko fiye, har mu ga inda ya matse da kuma kwazazzabai nawa ke zuba a cikinsa. In mun tarar da makiyayi, dole mu zauna mu sha shayinsa, ko da kuwa kofin ya shekara bai ga sabulu ba. Baba Illo ba ya tambayarsa ko wurin na da kyau. Abin da yake tambaya shi ne, "Ina kake kwana da bisashenka?" Inda makiyayin ya nuna, nan kusa muke kafa tanti. Sau da yawa wurin tudu ne mai tsakuwa, inuwarsa kaɗan, masu haya su yi ta gunaguni, shi kuwa ko a jikinsa.

Wani aiki da muka yi wa wasu malaman makaranta shi ya koya mini turke. Na buga gajeru a yashi don gaggawa. Da hantsi iska ta juyo, ta ɗaga babban tanti ɗungurungum ta kife shi a kan tukunyar shinkafa. Tun daga ranar nake tafiya da turaku iri biyu: dogaye na yashi, masu tsawon hannu har kafaɗa, da gajeru na rodi don ƙasa mai dutse. In yashin ya cika laushi, buhu nake cikawa in binne shi da igiyar. Sai shebur, da sandar ƙarfe ta soka ƙasa a ji ko za ta ɗauki mota, da famfon taya, don in za ka shiga yashi sai ka rage iska, in ka fito ka mayar. Sai guduma. Wannan da kuke gani ta Baba Illo ce, sau uku na sake mata ƙota, kan nan kuwa shi ne dai. Kuma kada wanda ya ɗaga dutse da hannu. Da ƙafa ake turawa, kunama ma wurin ɗumi take nema.

Masu haya kuwa, kowa da irin nasa. Wani yana son inda waya ke kamawa, wani ya ce kai ni inda maigidana ba zai same ni ba. Masu iyali sai ka raba musu wajen mata da na maza, ka duba inda iska ke kaɗawa don hayaƙin girki kada ya koma kan mutane. Wata shekara na kai wasu magina 'yan Damagaram, sababbin zuwa, suka yi sahu suka fuskanci gabas abinsu kamar suna gida. Na ce, "Bayin Allah, Ka'abar kuka ba baya." Suka yi ta kallona kamar na zo da sabon addini. A gida alƙibla gabas ce har abada. Nan kuwa, in ka fita ta hanyar Ɗa'if tana yamma da kai, in ka bi hanyar Madina tana kudu. Kafin ka kafa makewayi sai ka san inda take, kada ka sa mutane su fuskance ta ko su juya mata baya. In kuma wurin ya yi kusa da gindin dutsen Hada, ka gaya wa mata su rufe abinci, don biran wurin ba su da kunya ko ta sisin kwabo.

Dajin nan na hukuma ne, ba na kakan kowa ba. Akwai inda aka yarda a kafa tanti, akwai inda aka hana, kuma in zama zai yi tsawo sai da takardar izini. Itace kuwa ba a taɓawa. Cikin iyakar Harami Allah ya hana, wajenta hukuma ta hana, to ina ka ga wurin sara? Gawayi muke sayowa daga gari, mu hura a cikin rabin ganga don kada mu ƙona ƙasa. Wani mai haya ya taɓa fito da gatari daga bayan motarsa yana cewa naman da aka gasa da samur ya fi daɗi. Na ce ko ya mayar da gatarin ko in naɗe tantina. Ya ce ni wa? Na fara kwance igiya. Ya mayar. Masu gadin daji suna zagayawa, kuma sunan da ke kan takarda shi suke nema, ba na mai gatari ba.

To, bari in zo kan abin da ya sa na tara ku. Da shekaru suka tura, mutane suka yawaita a daji, sai leda ta zo. Sel ya daina ɗora ciyawa kawai a kan rassa, ya koma ɗora leda baƙa da shuɗiya, da robar ruwa, da tsummoki. Daga cikin mota, ko gilashi ba ka sauke ba, za ka hango layinsu a jikin itatuwa, ka san iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Alama ce mai kyau, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Baba Illo ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini guduma da mutanen da suka saba kiransa. Gwiwata ta fara ciwo, aiki ya yi yawa, wata ranar Laraba sai in duba wuri uku. Na daina tafiyar awa guda. Na daina shan shayin makiyaya. Sai in zagaya da mota in dubi rassa: in akwai leda in wuce, in babu in sauke kaya. Shekaru na yi a haka lafiya lau, kuma ba wanda ya rage da zai ce mini je ka kwanta.

A shekarar da nake ba ku labari, wani mai sayar da turare da ake kira Mansur ya kira ni. A Makka kowa Alhaji ne, don haka Mansur kawai nake ce masa. Haifaffen nan ne kamar ni, Hausarsa rabi Larabci. Ya ce don mahaifiyarsa yake son fita, Hajiya Tasalla. Tun da aka rushe unguwarsu a Nakkasa suka koma wani bene hawa na huɗu, ƙafafunta kuma suka daina ɗaukarta, sai a keken guragu. Ta daɗe ba ta taka ƙasa ba in ba hanyar asibiti ba. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta gindin magarya ta wuni, ta ci 'ya'yanta kamar lokacin tana yarinya. Mansur ya ce zai gayyato surukansa ma, ya yanka rago. "Malam Harisu, magarya dai, ka ji? Ko nawa ne nisan."

Ranar Laraba na fita nema. A wani wadi da ban taɓa aiki a cikinsa ba, cikin yankin da aka yarda da zama, na tarar da magarya bakwai a jere, manya, sun haɗa kai, 'ya'ya sun nuna jajir. Ƙarƙashinsu yashi shimfiɗe kamar an share. A mararrabar da na sauka daga kwalta na ga tarin baƙaƙen buhuna cike, an ɗaure bakinsu an jera a gefen hanya. Na gan su da idona, ban kawo komai a raina ba. Na zagaya itatuwan da mota sau biyu. Ko ƙyallen leda babu a rassan. Akwai tudu a gefe, tafiyar minti biyar a ƙafa, amma tsakuwa ce zalla, ba inuwa, ba magarya ko ɗaya. Na ce Alhamdu lillahi, tsohuwa ta samu abin da take so. Ranar Alhamis na kafa tanti biyu, na ajiye janareta da tankin ruwa, na shimfiɗa darduma tun daga inda mota za ta tsaya har gindin itacen tsakiya don keken ya bi.

Bayan sallar Juma'a suka iso, mota biyar. Na sa suka bar motocin a kan tudu don ba na yashi ba ne, na kwaso su da wanet. Aka ɗora rago, yara suka bazu tsintar magarya, maza suka baje suna shan gahawa. Aka tura Hajiya har gindin itacen, aka rufa mata bargo a ƙafa. Sama fes take a kanmu. Can gabas kan duwatsu akwai hadari tun azahar, na gan shi, na ce ai ya yi nisa.

Ana gama sallar la'asar aka ce Hajiya na kiran mai tanti. Na je na durƙusa na gaishe ta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, magarya cike da cinyarta, hannunta ɗaya a jikin itacen.

"Ɗan nan, sannu da aiki. Wurin ya yi daɗi, Allah ya yi maka albarka."

"Amin, Hajiya."

"Amma wa ya feƙe wa itacen nan fata?"

Na duba inda take shafawa. Daidai tsayin kanta a zaune, ɓawon ya saɓule, tsohon tabo ne ya warke ya yi fari. Gefen da ke kallon duwatsu ne kawai.

"Na sa an zagaya da ni," in ji ta. "Duk bakwai ɗin haka suke, gefe ɗaya. Ga saiwoyi a waje. Ni a bakin gulbin Maraɗi na girma kafin a kawo ni ƙasar nan. Itacen da ke cikin gulbi ne kaɗai ke da irin wannan tabon. Kuma magarya bakwai, ko kashin akuya ɗaya babu a ƙarƙashinsu? Wace irin akuya ce ba ta son magarya?"

Na ja da baya. Sai na kwanta rigingine a kan yashi, a gaban matan mutane, har wata ta yi dariya. Na bi rassan da ido ɗaya bayan ɗaya. Can sama, inda hannu ba ya kaiwa sai da tsani, na ga wani ɗan guntun shuɗin zare na buhu naɗe da ƙaya. Ba tsinkewa ya yi ba, da wuƙa aka yanke shi. Nan take buhunan bakin hanya suka faɗo mini. Masu aikin sa kai ne suka zo suka tsabtace dajin, suka tsince ledar rassan kaf. Ruwa na bin wurin, ya ma fi tsayin mutum. Alamar ce kawai aka kwashe aka zuba a buhu. Na miƙe na dubi gabas. Hadarin ya yi baƙi ƙirin, ya sauko ya rufe kan dutsen.

Zan gaya muku gaskiya, na tsaya na ɗan lokaci. Hadari kan taso ya watse ba a yi komai ba. In na yi shiru, wataƙila a ci rago a watse lafiya, ba wanda zai san abin da na yi. In na yi magana, da bakina zan ce a gaban mutum talatin na kafa musu tanti a tsakiyar kogi, kuma a sana'ar nan ba ka da jari sai sunanka. Na dubi tsohuwar da bargonta. Na nufi tantin maza.

"Mansur, a tashi. Yanzu. Kowa ya hau tudu."

"Lafiya, Malam Harisu?"

"Cikin hanyar sel muke."

Ya ciro waya ya duba, ya juyo mini da ita. "Ga shi, ba ruwa a Makka yau. Dubi sama mana."

"Ba a Makka za a yi shi ba. Ga shi can ana yi."

Surukinsa, wani dattijo mai furfura, ya ajiye kofinsa. "To wa ya zaɓi wurin?"

"Ni na zaɓa, Alhaji. Kuskure na yi."

Fuskar Mansur ta canza. Kunya ce ta kama shi a gaban surukai, sai ta koma faɗa. Ya ce wallahi ba inda za su sai an ci abinci, naman saura kaɗan, bayan magariba a yi maganar tashi. Ya ce in na ga ana jin daɗi ne nake son in naɗe kayana da wuri, in faɗa. Na juya na fita. Na ɗauki guduma na zagaya bayan tantin, na bugi turaku uku suka fita, gefen ya rufto a kansu. Suka fito suna zagina da Larabci da Hausa. Mansur ya cafki wuyan rigata.

Sai muka ji muryar Hajiya. Ba ta ɗaga ta sosai ba.

"Mansur. Saki bawan Allah, zo ka goya ni."

Ya tsaya. Ta sake cewa, "Ka goya ni, na ce. Keken nan ba zai yi sauri a yashi ba." Ya sake ni, ya je ya durƙusa a gabanta, 'yan'uwansa mata suka ɗora masa ita. Magaryar cinyarta ta zube. Ya saka ta a gaban wanet, na loda mata da yara a baya, na kai su tudu, na dawo na kwashi sauran. Maza suka biyo a ƙafa, wannan da tukunya, wancan da takalma a hannu, suna tafe suna mita. Na sa kowane magidanci ya kira sunan nasa ɗaya bayan ɗaya har aka tabbatar kowa ya hau.

Muka tsaya a kan tsakuwa, rana na haskawa, ba abin da ya faru. Minti goma, minti ashirin. Wani ya ce a koma a ɗauko ragon mana. Ni ma na fara tunanin komawa in ceci janareta. Na taka har bakin gangaren, sai wata iska mai sanyi ta buso daga gabas da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bayanta sai ƙara, kamar manyan motoci sun jero a kan gada. Sannan ya ɓullo ta kwanar, ja wur kamar kunun kanwa, gabansa duk itace da kumfa. Tantin mata ya fara ɗauka. Na maza ya bi, da dardumai, da janareta, da tankin ruwa, da gangar da ragon ke kai, hayaƙi na tashi har ta nutse. Mata suka ɗauki salati. Kafin ka karanta Fatiha sau uku, magaryar nan bakwai sai kawunansu ake gani.

Wani daga cikin baƙin ya ɗauki abin a waya tun daga cikin tanti, da muryata ina cewa kuskure na yi. Kafin Asabar ya zagaye mutanenmu na Makka da Jidda. Sanyin shekarar nan kaf ba wanda ya kira ni, waɗanda suka riga suka yi magana ma suka janye. A wajen ɗaurin aure sai in ji ana cewa ga mai kafa tanti a kogi. Tantunan da suka tafi su ne mafi kyau da nake da su. Na koma sito ina ɗinkin tantunan wasu har hajji ta zagayo. Ban ga laifin kowa ba. Masu tsintar leda aikin kirki suka yi, yanzu ma in na gan su ina ba su ruwa. Ni ne na mayar da shara malamina. Da sanyi ya sake dawowa na fara daga ƙasa, da ƙaramin tanti ɗaya da gwiwa mai ciwo, ina tafiyar awa guda kamar da.

Abu ɗaya na tsallake. Kwana uku bayan ruwan, Mansur ya kira ni. Bai gaishe ni ba, ya ce mahaifiyarsa na tambayar kekenta, akwai carbinta ɗaure a hannun keken, in zo in kai shi wurin. Muka tafi. Wadin ya bushe, yashi ya sake kwanciya fari tas, ya ma fi da kyau. Muka duba ƙasa ko'ina ba mu ga komai ba. Sai na ɗaga kai. Keken yana kan magarya ta ƙarshe, a maƙale tsakanin rassa biyu, ƙarfen ya lanƙwashe, bargon ya naɗe a jikin ƙaya, carbin na lilo. Na yi ɗage, na miƙa gudumar Baba Illo iya tsawon hannuna, da ƙyar kanta ya taɓa tayar. Mansur ya daɗe yana kallon sama. Sannan ya zauna daɓas a kan yashi ya rufe fuska da hannu biyu.

Gobe in Allah ya kai mu akwai iyalin da ke son wuri, kuma wurin magarya bakwai ɗin nan za mu fara biyawa. Masu gadi sun daɗe da sauke keken, rassan sun koma fes. Kowa zai bar wayarsa a mota. Wanda ya ce ba sana'a ba ce shi zai fara kwanciya, ya gaya mini abin da ya gani.